An Dasa Lemun da Furensa

Ranar Alhamis

Assalamu alaikum Ummata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi da sauƙi. Ya jiki? Ki gaishe mini da yayarki Inna, Allah ya saka mata da alheri kan ɗawainiyar da take yi da ke tsakanin gidanta da asibiti.

Kin ce in daina kiranki a waya, tunda ba abin da nake yi sai shiru da jan hanci, ke kuma tari ba ya barinki ki yi maganar mutum biyu. To ga shi na ɗauki biro. Abba zai kawo miki ranar Asabar, kuma na liƙe bakin ambulan sosai don kada ya karanta a mota.

Umma, mun tare! Gidan har yanzu warin siminti yake yi, in na yi magana a falo sai muryata ta dawo mini kamar akwai wata Auta a ɗaya ɗakin. Kayanmu na gidan haya da muke ganin sun yi yawa, a nan sun zama kamar an manta da su a lungu. Tsakar gida kuwa jar ƙasa ce da gutsattsarin bulo. Zanen da kika yi a bayan kalanda yana nan, na manna shi a bangon kicin muna binsa. An sa ayaba a bakin kwatar banɗaki, gwaiba biyu ta gabas, mangwaro can nesa da katanga kamar yadda kika ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ga babban labarin. Mun taho da lemun tsaminki. Kullum kina cewa ke da lemun nan 'yan haya ne, ranar da kika samu naki tare za ku tafi. Ban manta gwangwanin madarar da kika shuka ƙwallonsa a ciki ba, ina aji uku. Mai gidan haya ya yarda a tone, sai Abba ya kira wani tsoho mai sayar da dashe a bakin titi, Baba Mai Lambu. Mutum huɗu suka tone shi, aka naɗe gindin da buhu, aka turo shi a kura. Umma, bana ne ya fara fure na gaske, fari fat, duk layin da muka bi sai da aka juyo ana kallo.

Da aka saka shi a rami daidai tagar ɗakinki, sai na ga tsohon ya zaro zarto. Ya ce, "'Yan mata, matsa in yi masa aski." Na ce wane irin aski? Ya ce, "Ƙwal-kwabo. An yanke masa rabin saiwa, ƙafar da ta rage ba za ta ɗauki wannan uban kai ba." Ban san lokacin da na shiga tsakaninsa da itacen ba. Na ce wallahi ba wanda zai taɓa reshe ɗaya sai kin zo kin ga furen. Abba ya saki baki yana kallona, can ya ce, "Bar mata, baba. Tunda aka haife ta ban taɓa jin ta ɗaga murya ba." Tsohon ya mayar da zartonsa cikin buhu ya ce, "Ni dai na faɗa. Itace ba ya jin lallashi."

Kafinta ya zo ya auna ɗakinki. Ina son a sa miki jan kafet mai laushi da labule mai nauyi har ƙasa, irin wanda na karanta a wani littafi, inda matar ta dawo daga doguwar tafiya ta buɗe taga ƙamshin fure ya shigo. Kada ki yi mini dariya. Na riga na shirya yadda za a yi: ki shigo, in rufe miki ido, sai kin kai bakin taga in sake.

Yaushe za ki dawo?

Taki,
Auta

*

Ranar Lahadi

Wa alaikumus salam Autata,

Na samu takardarki, na karanta sau uku, na huɗu Inna ta ƙwace ta ce za ta ji wace ce ta koya miki ɗaga murya ta ba ta tukwici. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Likita ya ce nan da sati biyu in Allah ya so.

To uwar littattafai, saurara. Wancan kafet ɗin ki bar shi a cikin littafinsa. Mutanen da suke rubuta irin wannan ba su san damina a ƙasar zafi ba. Ruwa uku za a yi ki ɗaga shi ki ga fumfuna ta yi gari a ƙasa, ni kuma da wannan ƙirjin nawa ba sai na faɗa miki ba. Tayil ya ishe mu, sai tabarma mai kyau da za a iya shanyawa. Labule ki zaɓi marar nauyi, wanda iska za ta ɗaga. Launin na bar miki. Amma kafin labule a fara sa raga a tagogi, don sauro ba ya karanta littafin soyayya.

Ki ce wa kafinta kwabar kaya ya yi mata ƙafafu, kada ta zauna daɓas a ƙasa, kuma a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango saboda danshi da gara. Gado a sa shi inda iska ke ratsawa daga taga zuwa ƙofa. Sannan ina son kujera ɗaya a baranda, gajera, mai hannu biyu masu faɗi, yadda zan dafa in miƙe ba sai na kira kowa ba.

Sai maganar lemu. Auta, na ji daɗin abin da kika yi domina, har na yi ƙwalla, Inna tana cewa yaji ne ya shiga idona. Amma tsohon nan gaskiya ya faɗa. Ganye shan ruwa yake yi, fure ya fi shi sha, ga zafin nan ruwa bai sauka ba. Ki je ki ba shi haƙuri ki kira shi ya rage rassan, gobe-goben nan, kada ki jira Asabar. Fure ba ya ƙarewa, wani zai fito baɗi.

Ya jarrabawa? Kada in ji kin sa littafin labari a tsakiyar na lissafi, na san wannan dabarar tun kafin a haife ki. Ki riƙa tsare Abbanki ya ci abinci kafin ya fita aiki, ya rame.

Allah ya yi miki albarka.

Ummanki

*

Ranar Juma'a

Assalamu alaikum Umma,

Ina gaishe ki da jiki, ina gaishe da Inna. Ki yi haƙuri satin da ya wuce ban rubuto ba, jarrabawa ce ta sha kaina. Sati biyun sun kusa cika, shi ya sa nake ta sauri.

An sa raga. Labule na zaɓi ruwan ƙwai mai haske, da safe in rana ta bugo shi ɗakin kamar an zuba zuma. Mai shagon ya ce amarya za a kawo ne? Sai da na fito na ce a raina, ai ta fi amarya. Kwaba ta iso da ƙafafunta huɗu, ni da kaina na sa tafin hannuna a bayanta na auna. Kafinta ya ce, "Wannan Hajiyar taku daga kwance take ba mu oda, in ta miƙe ai mun shiga uku." Kujerar ce ta rage, ya yanka katakon bai haɗa ba.

An yi ruwan farko ranar Talata. Indararon baya ya haƙa rami a gindin bango, Abba ya sa aka zuba tsakuwa. Ciyawar da aka dasa a gaban baranda ta kama, ayaba ta fitar da sabon ganye a naɗe kamar takarda.

Wani abu ya ɗaure mini kai. Abba ya kira birkila ya fasa matakala ukun nan na ƙofar falo, waɗanda aka gama ko wata biyu ba a yi ba, wai za a mayar da wurin gangare. Na tambaye shi dalili, ya ce saboda baro. Umma, wa yake shiga falo da baro? Ya kuma sa an cire ƙofar banɗakinku za a faɗaɗa. Kwana biyun nan ba ya son tambaya, in ya dawo daga wurinki sai ya zauna a kan bulo a tsakar gida ya yi ta kallon zanenki na kalanda, ya ciro shi daga kicin.

Lemu yana nan lafiya lau. An ɗan rage masa kamar yadda kika ce, har ya yi sabon ganye. Ga guda biyu na sa miki a tsakiyar takarda, na danne su cikin littafi kwana ɗaya. A labarai haka masoya suke yi in sun yi nisa da juna. Ki murza ki shinshina, kamar kina gida.

Don Allah ki ce wa Abba ya zo da ni wannan karon. Kullum sai ya ce ke kika ce in zauna in yi karatu. Na gama jarrabawar jiya.

'Yarki mai kewarki,
Auta

*

Ranar Lahadi

Auta, assalamu alaikum.

Inna ce. Kada ki ga rubutu kamar kaza ta yi tonon ƙasa ki tsorata, uwarki ce ta ce hannunta ya gaji da allura, ita za ta faɗa ni in rubuta. Na ce mata ni rabona da biro tun ina budurwa, ta ce ai an daɗe ke nan. Kin ji bakinta, ciwo bai taɓa shi ba. Ga saƙonta, yadda ta faɗa haka na sa.

Autata, na gode da labule, na rufe ido na gan shi. Kafinta ki ce masa ya ci gaba da jin tsorona.

Ganyenki ya iso. Kwanakin nan ba na jin ɗanɗanon komai, amma hancina yana nan da ransa. Na murza na shinshina. Auta, wannan ganyen lemun zaƙi ne. Nawa ƙanana ne, ƙamshinsu yana tsinka hanci, shekara takwas ina wanke hannu da su in na gyara kifi. Wannan faffaɗa ne, ƙamshinsa a kwance. Lemun wa kika tsinko? In na maƙwabta ne ki je ki faɗa musu, kada mu fara zama da mutane da satar ganye.

Ban yi fushi ba. Dariya ma na yi har tari ya sarƙe ni, Inna ta yi ta zaginki tana dukan bayana. Yarinyar da ko kuɗin canji ba ta iya ɓoyewa, ta tashi yin ƙaryar farko a rayuwarta, ta yi wa wadda ta shuka itacen.

Amma na gane abin da ya sa. Kuma na san wa ya fara. To mu yi ciniki ni da ke. Ki rubuto mini gaskiyar lemuna, komai muninta, kada ki yi mata kwalliya irin ta littafi. Ni ma akwai wata gaskiya a wurina da na riƙe, in kin ba ni taki zan ba ki tawa.

Nan ta tsaya. Ni Inna ga nawa: ki riƙa yi mata addu'a, ki bar kuka a ɗaki ke kaɗai, na san halinki. Abbanki kuma kada ki takura shi da tambaya, abin da ke kansa ya ishe shi. Ki ci abinci. An ce kin zama kamar sillen kara.

Mu duka muna gaishe ki.

Innarki

*

Ranar Laraba

Assalamu alaikum Umma,

Ya jikinki? Inna, in ke ce kike karanta mata, ina gaishe ki, kuma don Allah ki karanta duka kada ki tsallake.

Umma, ki yafe mini. Ban kira Baba Mai Lambu ba. Da na ga kin rubuta sati biyu sai na ce a raina, sati biyu kawai, zai jure. In kin zo kin gani sau ɗaya, ko washegari a yi masa askin. Na ce me za ki ji in kin buɗe taga kika ga kututture, bayan kin yi shekara takwas kina jiran furen nan?

Kwana huɗu da dasa shi furen ya fara zuba. Na riƙa tsincewa ina zubawa a kofi. Sai ganyen ya lanƙwashe kamar an gasa. Na ɗauka ƙishi ne, na riƙa ba shi bokiti shida da safe shida da yamma, har gindin ya zama taɓo yana wari. Na ɗaura masa tsohon zanenki don inuwa. Har magana na yi masa, Umma, na ce ka yi haƙuri ta kusa zuwa. Yanzu ba ganye ko ɗaya, sai ƙaya. In na karya ƙaramin reshe ƙas yake yi. Abba ya gani tun tuni, ko faɗa bai yi mini ba.

Ganyen na gidan da ke bayanmu ne, reshen ya leƙo ta katanga. Na je na faɗa wa matar gidan kamar yadda kika ce. Na yi minti biyar a ƙofa kafin in iya sallama. Ta ce in tsinki duk wanda nake so, ta kuma tambayi yaushe za ki zo ku gaisa. Na yi mata godiya na fito.

Jiya na bi ta wurin Baba Mai Lambu, na tsallaka titi don kada ya gan ni. Ya gan ni. Ya ɗaga murya ya ce, "'Yan mata, ya mutumin?" Na sunkuyar da kai na wuce.

Kin ce kada in yi kwalliya, to ga sauran. Gangaren nan ba a gama shi ba. Ranar Litinin birkila ya zo da siminti zai shafe, Abba ya tare shi a ƙofa ya ce ya bari tukuna. Yanzu rabi gangare ne rabi ɓaraguzai, ta gefe muke hawa. Kafinta ma ya aiko a zo a duba tsayin kujera, Abba ya ce ba sauri. Umma, ni ba yarinya ba ce. Na gane gangaren na keken marasa lafiya ne, na kwana biyu ina kukan wannan, sannan na haƙura na ce ko a keke ne dai ki dawo, ni zan tura. To me ya sa aka tsayar da aikin?

Na ba ki tawa. Na kashe miki lemunki.

Auta

*

Ranar Alhamis

Auta, Inna ce kuma. Ban jira Abbanki ba, na ba direban motar safe wannan. Uwarki ta faɗa ne a hankali, tana hutawa tana ci gaba, ban ƙara ban rage ba.

Wa alaikumus salam 'yata.

Kin biya, saura ni.

Babu sati biyu, Auta. Tun ranar da na rubuta miki haka babu shi. Likita ya faɗa mana gaskiya ni da Abbanki tun kafin ku tare, cewa ciwon ya riga ya yi nisa a huhu. Da farko sun ce wataƙila in samu ƙarfin da za a kawo ni gida a keke, shi ya sa Abbanki ya fasa matakala. Satin nan sun ce jikina ba zai ɗauki tafiyar ba. Sun daina maganin, sai na rage ciwo. Sauran yana hannun Allah.

Ni na hana a zo da ke. Na ce ki gama jarrabawa da hankalinki a kwance. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa mutane. Na cikin kuwa, ba na son ki ga yadda na koma. Ina son ki riƙe ni yadda kika san ni, da ƙibata da faɗana. Ashe abin da kika yi wa lemu shi na yi miki, na ƙi a taɓa komai don kada ki ga muni. Da na faɗa miki gaskiya da kin kira tsohon nan tun washegari. Don haka kada in ƙara jin kin ce kin kashe. Mu biyu muka yi, kuma ni ce babba.

Gidan nan ba don in zauna a ciki kaɗai na zana shi ba. Shekara goma sha tara muna haya, ko ƙusa za ki buga sai kin nemi izini. Yanzu kina da bangon da za ki buga ƙusa. Ɗakina ki koma ciki, kada a rufe shi ya yi fumfuna, labulenki ne ai. Mangwaro in ya kai ƙugu a cire masa kai don ya yi rassa. Kujera ki ce wa kafinta ya haɗa, an riga an yanka katako, kuma Abbanki yana bukatar wurin zama da ya fi bulo.

Lemu kuma, itace ba ya mutuwa daga sama a gama. Ki daina ba shi ruwa, ki buɗe gindin ya sha iska. Sannan ki sa farce ki kankare ɓawon kaɗan, ki fara daga sama kina sauka. Inda kika ga ruwan ƙasa, ya tafi. In kin kai inda yake kore, to nan ransa yake, a yanke daga nan, duk abin da ke sama a zubar, komai yawansa. In babu kore har ƙasa, a tone a sa wani, ba kanmu farau ba.

Ki biyo Abbanki ranar Asabar. Ki zo da littafin nan mai jan kafet ki karanta mini, in ji ko matar ta samu mijin. Ki zo mini da labarin launin da kika gani a ƙarƙashin ɓawo. Na gaskiya.

Allah ya yi miki albarka, ya raya ki, ya ba ki wanda zai ji maganarki ko ba ki ɗaga murya ba.

Ummanki

Ni Inna: ki taho da kayan kwana da yawa. In kin shigo kada ki tsaya a bakin ƙofa, ki zo ki riƙe hannunta kawai.

*

Ranar Talata

Assalamu alaikum Inna,

Ya haƙuri? Ya gajiyar jama'a? Mun iso lafiya, Abba yana gaishe ki. Na gode da kwana taran da kika bar mini gefen gadonta.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Ranar da kika fita karɓo magani ta tambaye ni launin. Na ce mata ban duba ba, tsoro na ji. Na ga ta yi murmushi, ta ce, "To wannan amsar dai ganyen lemun tsami ne, ba na maƙwabta ba." Ba mu kai ƙarshen littafin ba, saura babi biyu. Na ajiye shi a kwaba.

Jiya da safe na je da ƙafata na kira Baba Mai Lambu. Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya yi mini gaisuwa, ya tsaya a gefe, ni na kankare. Daga sama har ƙuguna ruwan ƙasa ne. Har gwiwa ma haka. Ƙasa da gwiwa kaɗan, ta gefen taga, na samu kore, faɗinsa bai fi yatsa biyu ba. Ya miƙo hannu zai yanke, na ce ya ba ni zarton. Ƙaya ta yayyage ni, na daɗe ina yi, bai karɓa ba.

Yanzu in na buɗe labule ba abin da ake gani sai guntun kututture. Kafinta ya kawo kujerar, ya ƙi zama ko ruwa ya sha. Mun sa ta a baranda, Abba bai zauna a kai ba tukuna. Birkila zai dawo ya mayar da matakala.

Tsohon ya shafa wa kan kututturen toka, ya ce, "In zai yi toho, 'yan mata, ki ba shi sati..." Na ce, baba, don Allah kada ka faɗa mini sati nawa.

Ki gaishe da mutanen gida.

'Yarki,
Auta